Kartin da Aka Ce Ya Narke a Hillar Sodangi

Labarin ya shigo Hillar Mato ne ta bakin masu kai gyaɗa injin matsar mai, kafin la'asar kuwa ya gama zaga gari. Wai a Hillar Sodangi, can ƙetaren babbar magudanar ruwan gonaki, kartin shasha, wato gilashin kallo, na kwamfutar Omar ɗan Hajja Hindu ya narke. Ba lalacewa ya yi ba, narkewa ya yi, har ya zubo kamar man shanu a kan kisra, siririyar wainar dawa, mai zafi. Dalili kuwa, in ji masu labarin, fanka ɗaya gare shi, kuma duk kartin da bai kai fanka uku ba, ba ya ƙetare zafin yankin Jazira na watan Mayu. Mutanen da ba su taɓa leƙa cikin kwamfuta ba suka riƙa faɗin haka da tabbaci, kamar suna faɗin lokacin shukar dawa.

Ustaza Hasina ta ji shi ne a bakin ɗanta Jibirin, tana zaune a rumfa tana soya gahawa. Ta koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata ta Managil har gashinta ya yi fari, ta dawo gida da ciwon gwiwa da kuma wata ɗabi'a da ke gajiyar da mutane: ba a gaya mata magana ta bar ta ta wuce haka nan.

"Inna, kin ji abin da ya samu Omar?"

"Tun daga ƙofar gida nike jin ka. Wa ya gani?"

"Kowa ya sani."

"Ban san gidan kowa ba. Sunan mutum guda nike so, wanda ya tsaya da ƙafafunsa ya ga abin shina zuba."

Jibirin ya sosa ƙeya, ya ce direban injin ya ji daga ƙanin matar Omar. Ustaza ta tuna masa cewa Omar bai yi aure ba. Ya ce to, ƙanin wadda zai aura.

Da labarin na wani abu ne daban, da ta yi dariya ta ci gaba da suyarta. Amma wannan ya taɓa gidanta. Jikarta Ikhlas, 'yar Jibirin, ta gama karatun zane a Madani ta dawo da wata tsohuwar kwamfuta da ta saya a wata maɗaba'a da ta rufe. Aiki ya same ta tun ba ta kwance kaya ba. Masu man gyaɗa suna son takardar liƙawa a kwalba, masu biki suna son katin gayyata, wani ɗan kasuwa a Managil yana son sababbin furanni da za a buga a kan tob, babban mayafin mata. Sai dai kwamfutar ba ta da kartin kirki. Ikhlas ta taɓa yi wa kakarta bayani: wani allo ne mai faɗin takalmi da ake sokawa a cikin akwatin, shi ke zana duk abin da ido ke gani a shasha. In babu shi, sai ta ja layi yanzu, layin ya bayyana bayan ta sha ruwa ta dawo.

Abin da aka ware daga gyaɗar bana saye ɗaya zai yi, babu na biyu sai wata kakar. Ga kuma wata maɗaba'a a Madani ta ba Ikhlas aiki, suna jiran amsa bayan Sallah. In kwamfutar ta tashi, Ikhlas ta zauna a Hillar Mato ta ci gashin kanta. In ba ta tashi ba, ta koma Madani, ɗakin haya da abincin kanti, Ustaza kuma ta koma shan jabanarta, gahawar ɗan tulun ƙasa, ita kaɗai. Ba ta taɓa faɗin wannan na ƙarshen da bakinta ba, amma duk gidan an sani.

"Dole mai fanka uku," in ji Jibirin. "Don yarinyar nan nike faɗi."

"Don yarinyar nan," Ustaza ta maimaita, tana juya gahawa. "Ikhlas, zo ki ji ubanki shina sonki."

Ikhlas ta leƙo daga ɗaki tana ƙunshe dariya. Babu wanda bai san abin da ya faru ranar kasuwar da ta wuce ba. Jibirin ya shiga shagon Salih mai kayan kwamfuta a Managil don ya tambayi farashi, Salih ya zaunar da shi a gaban wani wasa da ake tuƙa tarakta a noma gona. Mutum mai furfura a gemu, wanda ya yi rayuwarsa duka a hawasha, gonar haya da ya gada daga ubansa, ya zauna yana noman alkamar ƙarya har motar gari ta tafi ta bar shi.

"Ka wuni cikin laka," uwarsa ta ce, "ka dawo gida ka noma gonar da ba a ci. Allah ya shirya."

"Inna, ba ki ga taraktar ba. Ko hayaƙi ba ta yi."

Ranar kasuwa ta zagayo, Ustaza ta yafa farin tob ɗinta na koyarwa, ta ce wa Jibirin da Ikhlas da ita za a je. Salih ya miƙe tsaye da ya gan ta, don yayyensa mata duk sun bi ta hannunta, ya kawo mata kujera da ruwan sanyi. Hausarsa ta yi ƙaranci, rabin maganarsa Larabci ne, amma ba ya ƙarya in an tsare shi da ido. Ya ɗora kartuna biyu a kan tebur. Ɗaya dogo ne, baƙi, da fankoki uku a jere da fitilu masu canza launi. Ɗayan gajere ne, fanka ɗaya a tsakiya, ba shi da ado ko kaɗan.

Jibirin ya ɗauki babban ya auna a tafin hannu, ya ɗauki ƙaramin ya auna, kamar yadda yake yi wa bakin garma a wurin maƙeri.

"Ji nauyi, Inna. Wanga kaya ne. Wancan kuwa biskit."

"Ajiye, ba kankana muke saye ba. Salih, wanga babban, mi shike ci?"

"Ci, Ustaza?"

"Wuta. Komi da ke aiki shina cin wani abu."

Salih ya yi murmushi, ya faɗi gaskiya. Babban yana shan wuta fiye da duk sauran kwamfutar a haɗe. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar Ikhlas ba zai ɗauke shi ba, sai an sayi sabo. Tsawonsa ma ba zai shiga ba, sai an canza akwatin gaba ɗaya. Ya tambayi yadda wutar gari take a Hillar Mato, Ikhlas ta ce tana zuwa kamar baƙon da ba ya sanarwa, tana tafiya ba sallama, da sola suke rayuwa, batir guda. Salih ya girgiza kai. Da batir guda, ya ce, da zarar babban ya fara aiki sosai komai zai mutu, har firjin.

"Ƙaramin fa?" Ikhlas ta tambaya.

Ƙaramin, in ji Salih, ba ya neman wata waya ta daban, daga ramin da aka soka shi yake shan abin da zai ishe shi. Ma'ajiyarsa giga huɗu ce, ta babban takwas. Ya juya ga Ikhlas, suka shiga wata magana ta girman hoto da yawan launi da shimfiɗa zane a kan zane, Ustaza tana binsu da kunne tana kama abin da ta kama. Abin da ta fahimta shi ne, aikin kwalba da katin biki da furannin tob bai kai inda ƙaramin zai gaza ba. Wasanni ma yana ɗauka, in ba a ce sai an ga kowace ƙwayar ciyawa ba.

"Taraktar fa?" Jibirin ya tambaya a hankali, yana kallon bango.

"Tana tafiya, ya hajji. Ba kamar a nan ba, amma tana tafiya."

"To mi ya hana mu ɗauka?" in ji Ustaza.

Salih ya ce tun da labarin Hillar Sodangi ya fito bai sayar da ko ɗaya ba. Shi ya sayar wa Omar irin wannan ɗin sak. Ba ya so ya sayar wa jikar Ustaza abin da zai narke a hannunta.

"Ka ga wanda ya narke?"

"Bai kawo ba."

"Kai kuma ba ka je ba."

"Ustaza, shago..."

"Dalmar da anka haɗa wayoyin nan da ita ba ta narkewa sai zafi ya kusa ninka na tafasar ruwa. Yayyenka sun rubuta wannan a jarrabawa. In zafin Mayu ne ya narka shi, da mu munka fara dahuwa, mu da awakinmu."

Suka fito ba su sayi komai ba. A cikin mota Ikhlas ta jingina kai da gilashi har suka wuce gonakin auduga. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, babban ya fi ƙarfinsu, ƙaramin kuma in ya mutu shi ke nan sai baɗi. Gara ta kira Madani ta ce tana zuwa.

"Ki bar wayar nan a jaka," kakarta ta ce. "Gobe mu je mu ga abin da ya narke tukuna."

"Habboba, gidan mutane ne. Mu ce mun zo mi?"

"Mu ce mun zo gaisuwa. Hindu ta yi ciwon ido bara ban je ba."

Washegari da hantsi suka hau riksha, keke mai ƙafa uku, su uku, suka bi gefen magudana, Jibirin a gaba kusa da direba yana riƙe da hularsa. Ustaza ta zaɓi lokacin da gangan. Tana so rana ta take su a can.

Hajja Hindu mace ce mai jiki da fara'a, ta rungume Ustaza tana yi mata ƙorafin shekara guda, idon ma ya warke har ta manta wanne ne ya yi ciwon. Ta shigar da su ɗakin baƙi. Ustaza ta tsaya a bakin ƙofa kaɗan, don ƙamshin bahur, turaren wuta, ya tare ta kamar labule, irin na sandal da ake dafawa da sukari da turare, wanda Hindu ta yi suna a kansa a duk ƙauyukan nan. Da idonta ya saba da duhun ɗakin, sai ta fara ganin abin da ke ciki. Talabijin na sanye da riga mai saƙar furanni. Rediyo na da tata. Firji na da mayafi mai geza, fulas ɗin shayi na da 'yar hula, har abin canza tashar talabijin an ɗinka masa aljihu. Ba sabon abu ba ne, haka gidajen mata masu tsafta suke a nan, duk abin da aka sayo da tsada a yi masa sutura. Sai dai Hindu ta fi kowa hannu.

Aka kawo zoɓo mai sanyi, aka kawo godogodo, furar gero, da nono, aka gaisa har aka kai ga jikokin 'yan uwan da ke Rusairis. Sannan Ustaza ta ce ta ji an yi musu hasara.

Fuskar Hindu ta canza. Ta nuna kusurwar ɗaki, inda wani abu ke tsaye a kan ƙaramin tebur, lulluɓe da koren karan-miski mai aikin zare na zinariya, gezarsa har ƙasa.

"Ga ta nan. Yaron nan ko kallon wajen ba shi yi. Ni kuwa ban fasa kula da ita ba, ko ba komi dukiya ce."

Aka aika injin matsar mai, inda Omar ke aiki, aka kira shi. Ya zo da rigar aiki duk maiƙo, dogon mutum mai kunya, ya durƙusa ya gaida Ustaza. Da ta tambaye shi yadda abin ya faru sai ya faɗa yana kallon ƙasa. Watannin farko lafiya lau. Da zafi ya shigo sai ta fara ƙara kamar injin niƙa, in ya fara wasan ƙwallo sai shasha ta yi baƙi. Rannan ya ji wari kamar na ƙuna, ya haska tocila ta ramukan gefe, ya ga wani abu ja-ja baƙi-baƙi ya malalo daga kartin ya daskare. Ya kashe, bai ƙara kunnawa ba.

"Ka buɗe?"

"Ustaza, mi zan gani? Na gani da idona ya narke."

"Ka kai wa Salih?"

Ya ce kunya ta hana shi. Abokansa duk sun ce masa ya sayi babba, ya ƙi ji.

Jibirin ya yi gyaran murya, ya kalli uwarsa irin kallon wanda aka ba gaskiya. Ba ta kula shi ba. Ta ce wa Ikhlas ta fito da sukundireba. Ikhlas ta ce ba ta zo da shi ba, ai gaisuwa suka zo. Ustaza ta buɗe jakarta ta miƙa mata.

Hindu da kanta ta yaye karan-miskin, ta ninke shi a kan cinya. A ƙarƙashinsa akwai wani farin ƙyalle mai laushi, shi ma ta cire. Ikhlas ta zare waya daga bango, ta kwance murfin gefe, aka jawo teburin zuwa hasken taga. Duka suka sunkuya.

Babu fanka. Wato tana nan, amma ba a ganinta. Inda ya kamata ta kasance akwai wani dunƙule mai kauri kamar gashin tunkiya da ya sha ruwan sama, launin ƙasa-ƙasa, ya cika tsakanin fikafikan ya manne. Daga gefensa wani abu mai danƙo ya gangaro ya tsaya a bakin allon.

"Kin gani, Inna," in ji Jibirin. "Ya narke."

Ustaza ta gyara tabarau. Ta sa ɗan yatsa ta dangwalo danƙon, ta murza, ta kai hanci. Ta daɗe tana shinshinawa. Sannan, a gaban kowa, ta kai shi bakin harshe.

"Habboba!"

"Zaƙi gare shi," ta ce. "Jibirin, tun da kake ka taɓa jin roba mai zaƙi?"

Ta juya ga Hindu, muryarta a sanyaye, irin wadda take yi wa yarinyar da ta kusa gano amsa da kanta.

"Hajja, yaya kike kula da ita?"

Hindu ta gyara zama, don an zo inda take da abin faɗi. Ta ce tun ranar da aka kawo kwamfutar samarin gari suka riƙa cika ɗakin nan, kowa na yabo, babu mai cewa masha Allah. Ita kuwa ta san ido. Don haka kullum, in Omar ya fita aiki, sai ta zuba garwashi a kasko, ta sa bahur mai kyau, ba na sayarwa ba, ta tura shi ƙarƙashin teburin ta saki mayafin ya rufe har ƙasa, yadda ake turara kayan amarya, don hayaƙin ya shiga ko'ina.

"Tana kashe ko tana kunne?"

"Wani lokaci shina barinta kunne, wai tana sauko da wasa daga sama. Ai ya fi ma. In tana kunne da kanta take jan hayaƙin, ko ɗigo ba ya fita waje. Na ce wagga na'ura ta san abu mai kyau."

Omar ya ɗago kai a hankali ya kalli uwarsa.

"Yumma, kullum?"

"Har da Juma'a sau biyu."

"Da na dawo ina yaye mayafin sama kawai, na gefe ina barinsa, don kin ce ƙura..."

"Ƙura mana. Lokacin tsinkar auduga ba ka ga yadda take yawo a ɗakin nan ba?"

Ikhlas ce ta fara. Ta toshe baki da gefen gyale, kafaɗunta na rawa. Ustaza ta yi ƙoƙarin riƙe fuskarta ta malama, ta kasa. Hindu ta kalli wannan ta kalli wancan, ta sunkuya ta shinshina cikin akwatin da kanta, ta miƙe.

"Wallahi nawa ne," ta ce. "Na sandal ɗin nan da na dafa kafin azumi." Ta zauna daɓas a kan gado tana dariya har da hawaye, tana dukan cinya. "Na kashe ta da gata. Omar, ɗana, na turara maka ita har lahira."

"Ba mu san ta mutu ba tukuna," in ji Ustaza. "A samo tsohon buroshin haƙori da sipirit na wanke rauni."

Ikhlas ta zare kartin, ta zauna a tabarma ta ɗora shi a kan tire. Aikin ya ɗauki lokaci. Da tsinken tsintsiya ta riƙa zaƙulo audugar da ta cuɗe da danƙo, tana fitowa guntu-guntu, Hindu na karɓa a tafin hannu tana mamakin yawanta, tana cewa wannan ai ta isa matashin kai na 'yar tsana. Sannan buroshi da sipirit, fiffike bayan fiffike. Omar ya tsuguna gefe yana riƙe da tocila ko da yake ɗakin da haske. Can Ikhlas ta sa yatsa ta taɓa fankar, ta juya sau ɗaya da ƙyar. Ta ƙara gogewa, ta hura, ta sake taɓawa. Wannan karon ta yi ta juyawa ita kaɗai.

Kafin a mayar da komai wurinsa rana ta take tsaka. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda take. Omar ya ce a bari sai yamma ta yi sanyi.

"Yanzu," in ji Ustaza. "Ba zafin Mayu anka ce ba? Ga shi nan ya zo da kansa. A kashe fankar sama ma."

Aka kashe. Omar ya yi bisimilla ya danna. Fitila ta kama, wani siririn sauti ya tashi, shasha ta yi haske. Hindu ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, hannunta ya kai ga karan-miskin da ke cinyarta, Omar ya ce "Yumma," ta janye hannun ta zauna a kansa.

Ustaza ba ta gamsu da haske kawai ba. Ta ce a ba shi aiki mai nauyi. Ikhlas ta ciro 'yar ma'ajiyar da ke rataye da makullanta, inda take yawo da manhajar zanenta da ayyukanta, ta buɗe zanen tob ɗin nan da ke durƙusar da kwamfutarta a gida, furannin kuɓewa rawaya a kan shuɗi, ɗaruruwa a jere. Ta ja, ya biyo hannunta. Ta girmama shi har ƙwayar furen ta cika shasha, ta juya shi, ta canza shuɗin ya koma ja, duk a take. Kakarta ta ga yadda ta gyara zama a kujerar, ta miƙe baya.

A gefen shasha akwai wata lamba da ke nuna zafin kartin. Ikhlas ta nuna mata. Ustaza ta ce ita ba ta san wanda ya rubuta lambar ba, ta kai bayan hannunta ga ramukan akwatin. Iska mai ɗumi na fita, ba ta kai ta bakin murhu ba, kuma tana ƙamshin sandal.

"Saura wasa," in ji Omar, muryarsa ta dawo. "A wasa ne take mutuwa." Ya juya ga Jibirin. "Ammu, ko kana son ƙwallo?"

"Ni ba na wasa," in ji Jibirin. Ya matso kusa da teburin. "Kana da ta taraktan nan?"

Yana da ita. Jibirin ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya zauna. Tarakta ta fito daga rumfarta ta nufi gona. Gumi na zuba daga gemunsa, ɗakin ya yi zafi har Hindu ta kawo mafici ta raba wa mata, shi kuwa bai sani ba. Ya yi huɗa ta farko a karkace, uwarsa ta ce ko a hawasha haka yake yi, ubansa ya yi fama. Ya yi ta biyu ta miƙe. Aka kira azahar, aka yi salla aka dawo, kwamfutar na nan tana aiki. Aka ci kisra da miyar kuɓewa busasshiya, Jibirin ya ci da hannu ɗaya. Ustaza na tashi lokaci-lokaci ta kai bayan hannunta ga ramukan, ta koma ta zauna. Lambar ta hau kaɗan ta tsaya, ba ta ƙara motsi ba.

"Abba," Ikhlas ta ce, "ciyawar ta ishe ka, ko sai mai fanka uku?"

"Ciyawa ciyawa ce," ya amsa, bai juyo ba. "Matsa, kina tare mini kwana."

Ta fita tsakar gida da wayarta. Ta taga Ustaza na jin ta, da Larabcinta na 'yan Madani, tana ce wa Salih ya ajiye mata ƙaramin, gobe da safe tana tafe, kuma ya shirya jin labari. Ta kashe ta sake kiran wata lamba. Wannan ta fi tsawo, akwai godiya da ban haƙuri a ciki. Da ta dawo ta zauna kusa da kakarta a bakin gado, ta karɓi maficin daga hannunta ta ci gaba da yi mata fifita.

"Za ki ɗinka mata riga, Habboba?"

"Zan karya hannun duk wanda ya gwada."

"A bar ni in yi mata 'yar shimfiɗa a ƙasa ko," in ji Hindu. "Ƙasa kawai. Ba ta numfashi ta nan, ko tana yi?"

Ikhlas ta duba, ta ce ba ta yi. Hindu ta ji daɗi.

Zuwa la'asar ƙarar taraktar da dariyar mata sun jawo maƙwabta. Mutane suka taru a ƙofar ɗaki da bakin taga, waɗanda suka kai labarin Hillar Mato ma suna ciki. Wata tsohuwa mai goyon jika ta turo kai ta taga, ta kalli shasha, ta kalli akwatin da ke tsaye tsirara a kan tebur.

"Ustaza, ba wannan ne anka ce ya narke ba?"

Ustaza Hasina ta ajiye finjalin jabana a kan tire.

"Bai narke ba. Hayaƙin bahur da auduga ne sunka toshe fankarsa. An wanke, shina aiki tun tsakar rana, da fanka guda."